Hoton Wa Ke Bangon Ɗakinka?

Jama'a, ina da ƙara, kuma gabanku na kawo ta. Ranar Lahadi in kun shigo kasuwar Tawa, ku tsaya wurin masu sayar da hotuna da kalanda, ku duba da kyau. Za ku ga Makka da Madina, madalla. Za ku ga ƴan ƙwallon Turai da ƴan wasan Indiya. Za ku ga wani gida mai jan rufi a tsakiyar ɗanyar ciyawa, ruwa na gangarowa daga dutse. To ku tambayi mai tebur: ina hoton tabkin Tabalak? Ina na rumbunan Adar? Ina na masallacin Yama? Zai dube ku kamar kun yi masa wani yare.

Masallacin nan na Yama, manomi ne kuma magini, Falke Barmu, ya fara gina shi da ƙasa a 1962. A 1986 aka ba shi kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine na gari a ƙasashen Musulmi. Baƙi sun zo daga nesa sun ɗauki hotonsa, sun buga a littattafansu. Mu da muke jiha ɗaya da shi, gida nawa ne ke da hotonsa a bango?

In ka yi wannan magana, sai a ce maka: ai buga hoto aikin inji ne, inji kuwa sai mai miliyoyi, sai Yamai, sai Kano, sai Turai. Ƙarya ce. Mun daɗe muna haɗiye ta, shi ya sa ta yi mana kama da gaskiya. Tarihin sana'ar da kansa zai ƙaryata ta.

Kowa ya san hatimi. An sassaƙa shi sau ɗaya, ana dangwala shi a tawada, ana buga shi a takarda sau dubu. Kowa ya ga baduku yana ɗora ɗan ƙarfensa mai zane a kan fata, ya buga, zane ya fito, ya matsa gaba ya sāke bugawa. Asalin buga hoto ke nan, babu ƙari. Ka yi wahala sau ɗaya a kan katako ko ƙarfe ko dutse, takarda ta riƙa ɗaukar zanen har ka gaji.

Mutanen Sin ne suka fara da katako. Akwai wani littafinsu na addini da aka tsinta cikin kogo a wani wuri mai suna Dunhuwang. An buga shi a shekara ta 868, da hoto a farkonsa, kuma yana nan ajiye a Landan. Babu inji ko ɗaya a aikin. Katako ne da wuƙa da tawadar baƙin hayaƙi. A Masar ma, tun wajen shekara ta 900 har zuwa 1400, akwai masu buga layu da addu'o'i ta wannan hanya, suna sayar wa talakawa. Turawa ba su kama ba sai wajen 1400, bayan takarda ta wadata a ƙasashensu. Kuma me suka fara bugawa? Karta da hotunan waliyyansu, abin da talaka zai saya da ƴan kuɗi kaɗan ya liƙa a ɗaki.

Bugu da ƙarfe kuwa, a maƙera aka haife shi. Maƙeran zinariya da azurfa na ƙasar Jamus sun saba karta zane a kan kayan ado. Wajen 1430 suka gane in an cusa tawada cikin kartar, aka goge saman ƙarfen tas, aka danna jiƙaƙƙiyar takarda da ƙarfi, takarda za ta tsotso tawadar daga cikin ramin. Daga baya masu yi wa sulke ado suka kawo wata dabara. A shafe ƙarfe da kakin zuma, a yi zane da allura, a zuba wani ruwa mai cin ƙarfe, dangin ruwan batir. Inda allura ta bi, nan ruwan zai ci. Yanzu ku tuna da maƙeran fari na Tawa da Abalak, yadda suke karta zobe da munduwa da kan takobi, layi siriri kamar gashi, hannu ba ya rawa. Hannun nan shi ne hannun da ya haifi sana'ar a Turai. Bambancin kawai, su wani ya kawo musu takarda.

A nan zan daɗe kaɗan, don akwai labarin da ya kamata kowane mai karatu ya sani.

A birnin Nurembag na Jamus an yi wani gwani mai suna Albaret Dura. Ɗan maƙerin zinariya ne, an haife shi a 1471, ya rasu a 1528. A 1515 jirgin ruwa ya kawo karkanda daga Indiya zuwa Lisbon, kyauta ga sarkin Fotugal. Turawa sun yi shekaru fiye da dubu ba su ga wannan dabba ba. Dura bai je Lisbon ba. Wasiƙa ya gani, da ɗan zanen da wani ya aiko. Sai ya zauna ya zana tasa karkandar, aka sassaƙa ta a katako. Ya sa mata sulke kamar barden yaƙi. Ya sa mata ɓawo a ƙafafu irin na kifi. Ya ƙara mata wani ɗan ƙaho a doron wuya, wanda Allah bai halicce ta da shi ba. Ita karkandar ta gaskiya ta nutse a teku a farkon 1516, ana kan hanyar kai ta wurin Fafaroma. Ta katako kuwa ta rayu. Aka buga dubbai, wasu suka kwaikwaya, aka sa ta a littattafan ilmi. Fiye da shekara 200 Turawa suna rantsuwa haka karkanda take.

Kun ji? Muna cewa gani ya kori ji. To, in abin da aka nuna maka ƙarya ne fa? Wanda ke riƙe da katakon bugu, shi ke faɗa wa duniya kamanninka, ko ya taɓa ganinka ko bai taɓa ba.

Mu ne karkandar yau. Ku dubi takardun da ake kawowa ana liƙawa a gidan likita da lakkol da rumbun tsimi. An zana su a wani ofis mai sanyi, a wani gari mai nisa. Saniyar da ke ciki mai baƙi da fari ce, ba ta da tozo, alhali shanun Azawak ne a garkenmu. Macen da ke daka ta riƙe taɓarya kamar mai riƙon tuta. Rubutun da faransanci, Hausa in an ga dama a sa ta can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. In aka zana ƙuda ya cika rabin takarda, tsohuwa za ta duba ta ce, Allah ya kyauta, mu dai namu ƙudajen ba su kai haka ba, ta yi gaba. Kuɗi sun tafi, saƙo bai isa ba. Sai a koma ofis a rubuta cewa mutanen ƙauye ba su gane hoto. Su wa? Matan da ke karanta zanen ƙwarya su gaya maka garin da aka yi ta? Makiyayin da ke duban sawu a ƙasa ya ce raƙuma ce, tana da ciki, jiya da marece ta wuce?

A yankin Keita, tun 1984 mutane, yawancinsu mata, suka ɗauki dutse a kai suka gyara fako. A duk Adar an san tassa, an san rabin wata. Wanda ya taɓa gina rabin wata da hannunsa ba zai zana ta a juye ba. Ya san bakinta yana duban inda ruwa ke gangarowa, tudun ƙasar yana ta ƙasa. Shi ya kamata ya sassaƙa hoton da za a koya wa wani gari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu koma tarihi. A 1796 wani Bajamushe, Aloyis Senefelda, marubucin wasan kwaikwayo ne da talauci ya hana shi buga rubutunsa, ya gano bugu da dutse. Dabarar kowace mace ta san ta: mai da ruwa ba su haɗuwa. A yi zane da abu mai maiƙo a kan farin dutse mai sulɓi, a jiƙa dutsen, a bi shi da tawada mai mai. Tawada ta kama zane, ta ƙi wurin da ke da ruwa. Kuma kun san abin da ake shafa wa dutsen don ya riƙe ruwa? Ƙaro. Ƙaron dakwara, irin wanda yaranmu ke ɓamɓara a daji. Daga ƙasashen Sahel Turawa suka riƙa sayen sa.

Wannan hanya ta yi wa Musulmi rana, don ba ta ɓata hannun marubuci. Yadda malam ya rubuta, haka zai fito. A 1864 aka kawo irin wannan maɗaba'a ƙasar Maroko, ta zauna a Fas, ta buga littattafai da rubutun Magariba. Injunan zamani da ke buga jarida jikokin dutsen nan ne, faranti ne kawai ya maye gurbinsa. Da irinsu aka buga Alƙur'anin da Sharu Bala na Kano ya rubuta da hannunsa, da jan wasali da zayyanarsa, ya shiga makarantun allo ko'ina a ƙasar Hausa. Duk almajirin da ya riƙe irin wannan bugu, ya riƙe aikin sana'ar da nake magana a kai, ko bai sani ba.

Don haka mai cewa wannan abu baƙo ne gare mu, ya sāke tunani. Akwai kuma mai cewa hoto haramun ne. Maganar surar mai rai ta malamai ce, su za su yanke. Amma zayyana fa? Masallaci fa? Gawo da aduwa da zangarniyar hatsi da rijiya da baƙaƙen karatu? Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da sura ba, yana da abin sassaƙawa har ƙarshen ransa bai taɓa mai rai ba. Abin da ba zan karɓa ba shi ne mutum ya hana ɗansa sassaƙa raƙumi, alhali ɗan ƙwallon Ispaniya na liƙe a shagonsa.

A Zariya an kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, Hausa ta samu gidan bugu nata. A garin ne kuma, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, wasu samari masu koyon zane suka haɗa ƙungiya a 1958. Malamansu Turawa ne, suna koya musu zane irin na Ingila. Samarin suka ce za mu karɓi dabara, amma abin da za mu zana namu ne. Cikinsu akwai Bruce Onobrakpeya, mutumin kudancin Nijeriya, an haife shi a 1932. A 1967 ruwan cin ƙarfe ya lalata masa faranti. Maimakon ya jefar, sai ya cike ramukan da wani irin danƙo mai daskarewa, ya buga haka nan. Abin da ya fito ya fi wanda ya nufa kyau, ya zama sabuwar hanyar bugu da aka san shi da ita a duniya. A shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka a kan Sahel da hamada mai cin ƙasa. Na gode masa. Amma ina jin kunya a ce ɗan kurmi ne ya zana farinmu, mu da muka binne shanu a 1973 da 1984 ba mu bar ko zane ɗaya ba.

Wani zai ce, to ai waɗannan duk masu ilmi ne. Bari in ba ku labarin wanda ya fi kama da mu. Arewa maso gabashin Burazil ƙasar fari ce, ƙasar manoma da ƴan ci-rani. A kasuwanninsu ana sayar da ƴan ƙananan littattafan waƙa, a rataye a igiya, kowanne da hoton katako a bangonsa. A wani gari mai suna Bezeros an haifi Jose Borjes a 1935. Wata goma kacal ya yi a makaranta. Ya yi noma, ya yi gini, ya yi talla. A 1964 ya fitar da ɗan littafinsa na fari. Da zai fitar da na biyu ba shi da kuɗin biyan mai zane, sai ya ɗauki guntun katako da wuƙa ya sassaƙa da kansa. Daga nan bai daina ba. Ya zana fari, da masu gudun yunwa, da kasuwa, da tsuntsayen dajinsu. Kafin ya rasu a 2024 an nuna aikinsa a manyan biranen duniya, ƴaƴansa kuma sun gāji sana'ar. Wata goma. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda sun fi shi daɗewa a aji.

Ƴan'uwanmu da ke zuwa bida Gana kuwa, wanda ya bi ta Ntonso kusa da Kumasi ya ga masu buga zane a tufafi. Da me suke yin hatiminsu? Da sakaina. Guntun ƙwarya, an sassaƙa, an kafa masa mariƙi na tsinke. Mu a nan roba ta kashe kasuwar ƙwarya, masu zanen ƙwarya suna zaune hannu rabbana, jikokinsu ba su koyo. Wuƙar tana nan, gwanintar tana nan, za mu bari ta bi su kabari.

Akwai maganar kuɗi, kuma ba zan ɓoye ta ba. A Japan aikin na mutum huɗu ne: mai zane, mai sassaƙa, mai bugu, da ɗan kasuwan da ke sa jari ya sayar. Kowane launi da katakonsa. Wajen 1831 suka buga hoton wata babbar igiyar ruwa da Hokusai ya zana. Sun buga dubbai, ana sayar da guda a kuɗin abinci kwano ɗaya ko biyu. A 2023 an sayar da guda ɗaya cikinsu a kan dalar Amurka fiye da miliyan 2 da rabi. Dillalan Turai kuwa, tun ƙarshen shekarun 1800, suka ƙirƙiro wata dabara. A buga 50 kawai, a rubuta lamba a ƙasan kowanne, 1 cikin 50, 2 cikin 50, mai zane ya sa hannu, sannan a karce farantin don kada a ƙara. A ganina wannan juya sana'a ne a kanta. An ƙago bugu don abu ya yawaita ya isa ga talaka, su kuma suka mai da shi hanyar ƙaranta abu don ya yi tsada. Kasuwarsu ce, su ta shafa. Abu ɗaya zan ɗauka a wurinsu: sunan mai aiki ya zauna a kan aikinsa. Jakunkunan fata nawa na Tawa suka tafi Turai ba wanda ya san badukun da ya ɗinka?

Samari za su ce, baba, ai yanzu waya ta gama komai. Ina da waya ni ma. Hoton waya yana mutuwa da batir, yana ɓacewa ran da aka sace ta. Ba ya zama a bangon aji yara arba'in su dube shi shekara guda. Tsohuwar da ba ta da waya fa? A shekarun 1970 hukumar yaƙi da jahilci ta buga jaridun karkara da Hausa, irin su Ganga da Sabon Ra'ayi, yawanci da ɗan injin da ake juyawa da hannu. Takardar ba ta da kyau, tawadar tana ɓata yatsa. Amma mutum yakan ga maganar garinsu a rubuce, ya ninke ta ya sa a aljihu. Mun taɓa yi. Hannu muka saki.

Ga abin da nake nema. Duk ƙungiyar taimako da duk ofishin da ke da kuɗin buga takardun faɗakarwa don Adar, su zo da kuɗin Adar. Su nemi mai zanen ƙwarya da maƙeri da baduku da yaron nan mai sassaƙa hatimi a bakin hanya da reza, su biya su kamar yadda suke biyan na ofis. Kafin a buga dubu, a nuna wa mata goma a bakin rijiya, a tambaye su me suka gani. In ba su gane ba, zanen ne ya faɗi, ba su ba. Kuma kowane ajin karatun manya ya ajiye wuƙa da katako kusa da allo.

Ku kuma kada ku jira su. Kada wanda ya sare itace saboda maganata, ina roƙo. Tsohon allo na aduwa ya isa, ko ɓallin ƙofa, ko sakaina mai faɗi, ko tafin tsohon takalmin roba, wanda ya fi sauƙin yanka ga mai koyo. A goge fuskar ta yi sumul. A yi zane da gawayi. A sassaƙe duk inda ake so ya fito fari, a bar inda ake so ya fito baƙi. Tawadar allo ta cika ruwa, sai an ƙara mata ƙaro da baƙin tukunya ta yi kauri, a ɗan sa kunun gari. A shafa ta da tsumma a dunƙule, kaɗan kaɗan, kada ta cika ramuka. A ɗora takarda, a murza bayanta da bayan cokali, a ɗaga a hankali daga kusurwa ɗaya. Na fari zai ɓaci, na biyu ma haka. Wajen na biyar katako ya sha tawada, zane zai fara fitowa sosai.

Sai a kula da abu ɗaya: katako kamar madubi yake, abin da ke dama zai fito a hagu. In za ka sa sunanka da sunan garinku, rubuta su a siririyar takarda da tawada mai kauri, ka kifa ta a kan katako tun ba ta bushe ba, ka bi sawun da wuƙa. Wanda ya buga, ya kai wa malamin karatun garinsu guda biyu, ɗaya a liƙa a aji, ɗaya a aika garin da ke gaba.